Kibiya a Kan Hancin Mushe Ilyasu

Duk wanda ya ce Madarumfa ba ta haifi babban mutum ba, to bai taɓa ganin Mushe Ilyasu yana tsallaka titi da hantsi ba. Kai, Allah ya yi halitta a nan! Ga kwat, ga jar karabat ta shaƙe wuya ko da rana tana dafa ƙwai, ga tabarau wanda babu likitan da ya rubuta masa, ga baƙar jaka a hammata. Abin da ke cikin jakar sirrin aiki ne, ko da yake 'yan sa ido sun rantse sun taɓa hango ƙuli-ƙuli. Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran kowane ɗan boko mai biro, wato ofis, a ƙasarmu, sai dai tasa ta fi ta kowa nauyi, don in ka kira ba ka ja ta da kyau ba, ba ya waiwayowa.

A takarda, shi ne sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyoyin bakin tafki, wato masunta da masu lambu da mata masu noman rani. Shekara tara yana kan kujerar. Bai taɓa jan koma ba, bai taɓa ba da ruwa ga ko da fangali ɗaya na albasa ba, amma kada wani marar kunya ya ce ba ya aiki. Wa ke buga hatimi? Wa ke tarbar baƙi? Dokar bironsa guda ce, kuma kowa ya haddace ta: ba a ganin kowa sai ta hannun Mushe. In baƙo ya taso daga Maraɗi don ya ga masunta, sai ya zauna ya sha shayi, ya ji tarihin Mushe tun daga yaye, ya kalli takardun shaidar da ke bango ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama, rana ta yi, masunta sun watse, baƙo ya koma da labarin Mushe cike da kunne.

To ana nan, a shekarar alif ɗari tara da casa'in da takwas, wani furoje, wato shirin tallafi na ban ruwa, ya kira sakatarorin ƙungiyoyi zuwa Yamai, su yi kwana tara ana koya musu kwamfuta. Mushe ya tafi da Hausarsa cikakkiya, ya dawo da rabinta. Ya dawo kuma da na'urar kanta, wadda shi ba ya kiranta sai da ordinatar, da ɗan injin wuta mai ba ta lantarki, da wani ɗan abu mai doguwar wutsiya da Faransawa suka ce sunansa ɓera. In ka tura ɓeran a kan tebur, sai wata 'yar kibiya ta yi tafiya a gilashi. In ka danna shi ya ce kilik. Wannan kilik ɗin ita ta shiga bakin Mushe ta ƙi fita, har mai shayi in ya tambaye shi sukari nawa, sai ya ce, "Kilik biyu." Kafin wata ya zagayo duk gari Mushe Kilik ake ce masa, a bayan ido mana, wa ya isa a gaba?

An ɗinka wa na'urar riga ta leshi. An rataya mata labule. Mai shiga ɗakin sai ya tuɓe takalmi, kuma an hana tari. Ranar da aka fara kunna ta, Mushe ya tsaya a baranda ya yi wa jama'a jawabi.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku. Duniya ta koma cikin kwali, kuma kwalin ga shi a birona. Yau in ina so in gaisa da Faransa, kilik. Kanada, kilik. Ku kuna nan kuna fama da kwaɗin tafki, ni kuwa ina yawo bisa intanet. Amma kada ku damu, ni mutum ne mai tawali'u, ba zan manta da ku ba."

Aka yi tafi. Ba wanda ya leƙa bayan tebur, balle ya ga cewa waya ɗaya ce tak ta fita daga na'urar, ita ma ta bi ta taga ta tsaya a jikin injin wuta. Intanet ɗin Mushe ba ta taɓa wuce baranda ba.

Da abin ya tsaya a jawabi, da sai mu yi dariya mu wuce. Amma da rani ya kama a shekarar da ta biyo, sai furoje ya aiko da magana mai nauyi. Wata ƙungiyar tsofaffin manoma a can wani ƙauye na ƙasar Turai ta sayi injin ban ruwa guda ɗaya, kuma garuruwa biyar ke nema. Tsofaffin ba za su iya zuwa ba. Saboda haka kowane gari zai shirya shafi a kwamfuta mai nuna ƙungiyoyinsa da aikin kowacce, a zuba a disket, wato ɗan faifan kwamfuta, a kai Yamai a ɗora a intanet ta gaskiya. Su kuma su zauna can su duba, su zaɓi wanda za a ba.

A Madarumfa kowa ya san wa ya fi bukatar injin nan. Inna Barira ce da matanta arba'in da uku. Barira ta ba hamsin baya, kuma kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, saboda shekarun da ta yi tana ɗaukar arozuwar, wato bokitin ban ruwa mai hanci. Tafki kuwa in rani ya yi nisa ja da baya yake yi, ya bar lambun matan can tudu. Tun asuba suke jere a hanya, su ɗebo su zuba, ƙasa ta shanye kafin su juya. Bara rabin albasarsu ta ƙone suna ji suna gani. Bana Barira ta ce in babu inji, mata goma sha za su aje arozuwar, don jiki ba ƙarfe ba ne. Ita ta goyi Ilyasu yana jariri, lokacin da uwarsa Ɗelu ke jinya, amma yanzu in ta zo biro sai ta rusuna ta ce, "Ranka shi daɗe." Sau bakwai ta zo da bayanin lambun, sau bakwai ana ce mata ta jira a baranda, Mushe yana ganawa da ordinatar.

Aka ɗauko mai hoto daga Maraɗi da fim mai ɗaukar hoto talatin da shida. Aikin ya yi kyau ƙwarai. An sami Mushe a zaune, Mushe a tsaye, Mushe yana nuna tafki da yatsa kamar shi ya haƙa shi, Mushe riƙe da kan kabeji yana kallon nesa. Da aka wanke, ashirin da tara nasa ne. Sauran bakwai ɗin aka raba wa masunta da masu lambu da mata, su ma don hannun mai hoton ya riƙa kuskurewa ne.

Yanzu bari in gaya muku yadda ake gina shafin nan, don ku gane girman basirar mutumin. A Yamai an koya musu cewa shafi kamar gida yake: akwati babba, a cikinsa ƙananan akwatuna. Babban shi ake kira uba, ƙananan su ne 'ya'ya. Sai ka rubuta wa na'ura umarni biyu. Na farko, in kibiya ta hau kan uba, a fito da 'ya'yansa. Na biyu, in ta sauka, a ɓoye su. Malamin ya ce uban wata 'yar kalma ce kawai, kamar a rubuta "Ƙungiyoyi", ya kuma ce bayan azahar zai nuna musu tarkon da ke cikin umarni na biyu. Amma Mushe da ya ji kalmar uba, ai ya ji duk abin da yake bukata. Bayan azahar ɗin ma ba ya aji, ya tafi ɗaukar hoto a bakin gada.

Sati uku ya yi a kulle da na'ura. Ran da ya buɗe labule, aka ga abin mamaki. Shafin Madarumfa gaba ɗaya fuskar Mushe ce, da karabat, da tabarau, da wani murmushi na wanda ya gama taimakon talakawa. Babu tafki, babu lambu, babu kowa. Jama'a suka yi tsuru-tsuru. Sai ya miƙa hannu a hankali, ya tura ɓera, kibiya ta taka ta hau kan hancinsa. Nan take sunaye uku suka zubo daga ƙarƙashin haɓarsa, kowanne da ɗan hoto a gefe: kifi, tumatir, albasa.

"Kun gani?" in ji shi. "Wannan shi ake kira tsari. Ni ne uba, ku ne 'ya'ya. Bature in yana son ganinku, sai ya fara gaishe ni. Ko a intanet ba a tsallake zaure a faɗa tsakar gida."

Aka yi ta salati ana jinjina. Ya maimaita abin ya fi sau hamsin a makon nan, ga duk wanda ya shigo. Kibiya ta hau hanci, 'ya'ya su fito, a yi tafi, ya rufe labule. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa gwadawa ba, shi ne ya sauke kibiyar daga fuskarsa ya nufi ɗaya daga cikin sunayen. To me zai kai shi? Mutumin da ya isa wurin Mushe Ilyasu, ina kuma ya rage ya je?

Ranar karɓar disket, motar furoje ta iso da hantsi. Wadda ta fito Madam Ramatu ce, injiniyar furojen, 'yar ƙasar Maraɗi da ke aiki a Yamai, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ce da la'asar za ta juya, don gobe ake ɗora shafukan garuruwan biyar, wanda bai shiga ba ya fita ke nan. Mushe ya dube ta sama da ƙasa, ya yi mata uzurin ƙuruciya, ya ce kada ta ji tsoro, zai riƙa yi mata bayani sannu-sannu. Ya shayar da ita shayi, ya ba ta tarihinsa tun daga yaye. Sai da aka yi azahar aka dawo sannan aka ɗaga labule, ɗaki ya cika, Barira na tsugune a gaba, Illo shugaban masunta na tsaye a bakin ƙofa da warin kifinsa. Kibiya ta hau hanci, 'ya'ya suka zubo, aka yi tafi. Mushe ya kai hannu zai rufe.

"Dakata, Mushe," in ji Madam Ramatu. "Masu duba shafin tsofaffi ne, wasunsu ba su fi wata shida da fara taɓa ɓera ba. Ina so wanda bai saba ba ya gwada. Inna, zo ki nemo mana lambunku."

Barira ta goge hannu a zane har sau biyu, ta zauna a bakin kujera, ta dafa ɓeran kamar mai taɓa jinjiri. Kibiya ta yi sama ta nufi tabarau. Ta janye hannu da sauri.

"Wai, ɗiyata! In tsone mishi ido?"

"Ba ya ji, Inna. Ɗora kawai."

Ta ɗora. Sunaye suka fito. Barira ba ta karatun boko, amma ta san albasa ko a mafarki. Fuskarta ta washe, ta ce, "Ga mu nan!" Ta jawo ɓera ƙasa, kibiya ta gangaro ta baki, ta haɓa, ta fita daga hoton da kamar faɗin farce. Ɓat! Kifi, tumatir, albasa, duk suka ɓace. Sai Mushe kaɗai yana murmushi.

Ta sake. Suka fito, ta nufe su, suka ɓace. Ta yi bisimilla ta sake na uku, haka. Illo ya ce a ba shi, shi da yake kama tarwaɗa da hannu, wane irin suna ne zai kuɓuce masa. Ya laɓaɓo a hankali, suka ɓace. Ya kai wawura da gudu, suka ɓace, ɓeran ma ya faɗo daga tebur yana lilo da wutsiya.

Kuna tsammani Mushe ya ji kunya? Ashe ba ku san manya ba. Ya gyara karabat ya yi gyaran murya.

"Madam, abin da kika gani ba kuskure ba ne, tarbiyya ce. Na'urar nan ta san girma. Ka zo wurin uba, ka juya masa baya ba sallama, ka nufi 'ya'yansa, kana tsammani za su tsaya? 'Ya'yan gidan mutunci ne. Bayan haka kuma akwai matsalar hannu. Ordinatar tana gane hannun da ya yi lakkwal, ya sha boko, da hannun da ya saba da garma. Ku matsa ku ga aiki."

Ya zauna, ya naɗe hannun kwat, ya ɗora kibiya a hancinsa, ya sauko da ita cikin isa. Ɓat! Hannun da ya yi lakkwal ma ba a san shi ba. Ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu ta wajen kunne, ya gwada yana kallon rufi wai ko na'urar ta shagala. Ya kife ɓeran, ya ciro 'yar ƙwallon da ke cikinsa, ya hura, ya goge da karabat, ya ce masu warin kifi ne suka ɓata ta. Gumi ya fara bin bayan kunnensa. Madam Ramatu ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Na gano! Ai abin a fili yake. In kibiya ta bar ni ne kuke ɓacewa, ko ba haka ba? To maganin shi ne kada ta bar ni. Hoton ne ya yi ƙanƙanta."

Jama'a, ku ji basira! Wani da tuni ya rage kansa, shi kuwa ƙara kansa ya yi. Ya yi ta ƙwanƙwasa maɓallai, ya ja hoton nan ya cika gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya mai da sunayen a kan fuskar. Hancin kaɗai ya kai girman mangwaro. Masunta suka sauka a goshi, masu lambu a kumatu, mata a leɓen sama. Ya ce wa Barira yanzu ta gwada ta ga ikon ilimi.

Ta tura kibiya ta hau kan albasa. Sai abu ya rikice. Ita na'ura a wautarta, da kibiya ta taka ɗa, sai ta ɗauka an bar uba, ta ɓoye sunayen. Suna ɓacewa kibiya ta sami kanta a kan leɓen Mushe, na'ura ta ce an dawo wurin uba, ta fito da su. Suna fitowa ga kibiya a kan ɗa, ta sake ɓoyewa. Fito, ɓace, fito, ɓace, har ido ba ya iya bi. Sunaye suka riƙa tsalle a fuskar mutumin kamar ƙudaje sun sami rubabben kifi. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari, ya tuna an hana tari, ya fita da gudu.

Barira ba ta yi dariya ba. Ta dubi inuwa a bakin ƙofa, ta ga ta fara miƙewa gabas, ta san la'asar ta kusa. Ranta ya ɓaci, ta miƙe tsaye da karkatacciyar kafaɗarta.

"Ilyasu!" Ba Mushe, ba ranka shi daɗe. "Ilyasu na Ɗelu, da kai nike. Ni na goye ka, bayan ga nawa ka yi wa fitsari. Mata arba'in da ukku na baro bakin tafki, tun asuba suna jidar ruwa, sun ce Inna tahi ki gano muna. Mi zan koma in ce musu? In ce mun rasa inji don ba mu iya fita daga bisa leɓenka? Wallahi in motar ga ta tashi ba mu ciki, ban yafe ba."

Ba a taɓa yi wa karabat ɗin nan magana haka ba. Mushe ya buɗe baki, Faransanci ya ƙi zuwa, Hausar ma rabin da ya rage ya gudu. Madam Ramatu ta yi amfani da shirun, ta ce cikin ladabi, "Mushe, ka gaji, aikin ya yi yawa. Ka ba ni aron kujera." Ya tashi, yana cewa dama yanzu yake shirin ba ta dama ta koyi wani abu.

Ta buɗe inda umarnin yake, ta karanta, ta ɗan ciji leɓe. Ta ce gyaran bai fi layi uku ba: kafin na'ura ta ɓoye 'ya'ya, sai ta tambaya tukuna, ina kibiyar ta koma? In kan ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan ta koma, a ƙyale su, don wanda ya bar zaure ya shiga tsakar gida ai bai bar gida ba. Barira ta ce wannan ko akuya ta sani. Madam Ramatu ta rubuta layukan, sannan ta ce saura abu ɗaya. Hoton ya yi nauyi, a wayar tarho sai tsoho ya gama cin abinci bai gama buɗewa ba, kuma dokar furoje ita ce duk wanda ke shafi a jera shi daidai da kowa, in kibiya ta hau kansa, akwati ya buɗe ya nuna aikinsa.

Mushe ya ce sam, ba a jera uba da 'ya'ya. Da ya ga idon Barira, sai ya ce to, saboda tawali'u ya yarda, amma shi ne na farko a layi. Madam Ramatu ta ce ba komai. Ta rage shi ya koma kamar hoton katin ɗan ƙasa, ta sa shi a farko, ta jera sauran a gefensa, ta zuba hotunan nan bakwai da bayanin da ta ji daga bakin Barira a akwatunansu. Ta ce wa Barira ta gwada. Kibiya ta hau albasa, akwati ya buɗe ya tsaya cak: ga mata a layi da arozuwar, ga fangulan da suka ƙone bara, ga yawan taku daga ruwa zuwa lambu. Barira ta shiga cikin akwatin da kibiya, ta zaga, ta fito, ta koma, ba abin da ya gudu. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi tana cewa, "Ga Fati can, ga ta can da ɗan tulunta." Aka hau kifi, aka ga jirage da komaye. Aka hau tumatir, aka ga kwanduna.

Sai kibiya ta hau kan Mushe. Akwati ya buɗe fari fat, ba ko ɗigo.

"Me za a rubuta a nan, Mushe?" in ji Madam Ramatu, yatsunta a kan maɓallai.

Ya gyara tsayuwa. "Rubuta: Sakatare Janar, Masanin Ordinatar, Uban..."

"Wannan suna ne, yana ƙarƙashin hoto. A akwati aiki ake sawa. Rijiya nawa, fangali nawa, me aka shuka, me aka kama."

Mushe ya dubi rufi. Ya dubi takardun bango. Ya ce ayyukan suna da yawa, in aka fara yau ba za a gama ba, kuma bai dace mutum ya yabi kansa ba. Allah da ikonsa, a daidai nan ladan ya kira la'asar. Ba a taɓa ganin Mushe ya riga kowa zuwa alwala ba sai ran nan. Yana fita ya waiwayo ya ce a tafi da disket ɗin haka, zai aiko da cikon ta mota mai zuwa. Motoci sun zo sun koma har damina ta faɗi, cikon bai gama shiri ba.

Bayan kaka, inji ya iso. Matan Barira aka zaɓa. Aka yi taro a bakin tafki, aka kafa rumfa, aka ɗaura wa injin kyalle. Mushe ya zo da sabuwar karabat, ya yi jawabin awa guda, ya bayyana yadda ya kwana ya tashi yana kokawa da intanet har ya ƙwato wa talakawa haƙƙinsu daga hannun garuruwa huɗu. Da ya ji Madam Ramatu ta zo da wasiƙa daga tsofaffin Turai, sai ya ce lallai a karanta a gaban jama'a, a fassara da Hausa kalma-kalma, kada a rage komai don jin nauyinsa. Ta ce ko ya fara dubawa shi kaɗai? Ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa.

Ta karanta. Tsofaffin sun gai da mata, sun ce su ma sun yi ban ruwa da hannu a zamaninsu, sun san ciwon kafaɗa, shi ya sa da suka ga layin nan na masu arozuwar ba su yi gardama ba. Sun gai da masunta da masu tumatir. Mushe ya miƙe wuya, ya gyara tabarau, ya san an ajiye babba a ƙarshe.

"Daga ƙarshe," ta ci gaba, "muna da 'yar tambaya. Akwai wani mutum mai karabat a farkon layi. Kowa muka ɗora wa kibiya mukan ga aikinsa, amma shi in muka ɗora, sai akwati ya buɗe babu komai a ciki. Mun gwada a na'ura uku. Ku gaya mana, ko namu ne suka lalace?"

Barira na durƙushe wajen injin, tana shafa tiyo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗiyata, rubuta musu su kwantar da hankali, na'urarsu lahiya lau take. Mu nan shekara goma muna ɗora mishi, abin da muke gani ke nan."

Ta ja igiya, inji ya tashi, ruwa ya nufi albasa.